Ɗangoggo Mai Salka da Tafiyar Tezarat

Sunansa na yanka Isufu, amma wanda ya shiga kasuwar Dakoro yana cigiyar Isufu sai ya sha yawo kafin ya same shi. In kuwa ya ce Ɗangoggo mai salka, nan take za a nuna masa rumfar. Tana can gefen kasuwar dabbobi, inda warin bagaruwa da ɗanyar fata ke tarbar mutum tun daga nesa. Salkar ruwa yake ɗinkawa, da guga, da taiki. Makiyaya da matafiya su ne abokan cinikinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma jima ta rina hannuwansa har ba su sake komawa launinsu na asali ba.

Ba a ƙasar nan aka haife shi ba. A cikin duwatsun Abzin ya zo duniya, ƴan watanni kafin shekarar da sojan Faransa suka kwashe mutanen duwatsun bayan yaƙin da aka yi a can. Uwarsa ta rasu a hanya. Ubansa kuwa an tafi da shi tare da raƙumansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙanwar uban, wadda ake kira Mata, ita ta goya jaririn ta bi sahun jama'a suka gangaro kudu. Ta zauna nan, ta zauna can, har ta yada zango a wani ƙauye kusa da Mai Yara, inda ta auri wani manomi mai suna Kalla. Allah bai ba ta haihuwa mai tsayawa ba. Yaron shi ne ɗanta, kuma da yake duk inda aka gan ta yana maƙale da zanenta yana kiran Goggo, sunan ya bi shi.

Kalla ya koya masa noma, wani maƙwabcinsu baduku ya koya masa aikin fata. Da Kalla ya rasu, Nasara kuma suka kafa bariki a Dakoro kasuwa ta fara cika, sai Ɗangoggo ya ɗauko goggonsa da matarsa Dela suka dawo gari. Dela ƴar manoman gujiya ce daga kwarin Maradi, mace mai baki da kuzari, kuma ita da tsohuwar sun zauna lafiya. Mata tana saƙar tabarma, tana kiwon ƴan awakinta. Hausa ta zauna a bakinta sarai. A tsawon shekarun nan duka, ba wanda ya taɓa jin ta tayar da zancen Abzin.

Wata shekara, a ƙarshen damina, zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fara fid da rai. Ranar da ta miƙe, ta sha kunu, ta sa aka kira mata Ɗangoggo daga kasuwa. Ya shigo ya durƙusa bakin ƙofa.

"Isufu," in ji ta, don ita kaɗai ba ta taɓa kiransa da sunan da gari ya sa masa ba, "ina son ka kai ni Tezarat."

"Ina ne Tezarat, Goggo?"

"Inda aka bizne cibiyarka. Wani kwazazzabo ne cikin duwatsu, bayan Agadas. Ina son in gan shi da idona kafin in mutu."

Dela tana tsakar gida tana tankaɗe, ta jiyo su. Ta ce, "Goggo, zazzaɓin nan bai gama sakinki ba. Ki bari ki ƙara jin ƙarfi, kya manta."

Tsohuwa ba ta kula ta ba, ɗanta take kallo. Shi kuwa ya dubi ƙasa ya ce, "To."

Ya ce to ne ba tare da ya san ko ta ina ake bi ba. Iyakar tafiyarsa arewa ita ce rijiyoyin Azagor. Amma mutum ne da in ya ɗauki abu ba ya gaggawa kuma ba ya ajiyewa. Daga ranar, duk wani Buzu ko Bafillace da ya zauna a rumfarsa jiran ɗinki sai ya sha tambaya. Ina ruwa yake bayan kwarin Tarka? Wace rijiya ce mai zurfi, wace ce mai gishiri? Ina ake samun itacen wuta? Wani ya ce masa hanyar Ingal ta fi, wani ya ce kada ya kuskura. Wani ya rantse ya san Tezarat, da aka bi diddigi ashe wani wuri yake nufi daban. Ɗangoggo yana ji, yana ɗinki, ba ya musu da kowa.

A ƙarshe ya dace da Rhissa, wani Buzu mai raƙuma daga Azagor wanda ke kai hatsi Agadas kowace kaka. Rhissa ya ce ya san bakin kwazazzabon, ya sha wucewa ta gabansa, amma bai taɓa shiga ba. Suka zauna kan buzu ɗaya a rumfar suna shan shayi, Rhissa yana zana hanya da yatsa a ƙasa.

"Da damina ba a shiga wurin nan," in ji shi. "Kana zaune sama garau, ruwan da aka yi can bisa dutse shi taho shi kwashe ka da kai da kayanka. Da bazara kuma rijiyoyin hanya sun ja baya, tsohuwa ba ta iyawa. Da ɗari, sanyin duwatsu ba irin naku ba ne."

"To yaushe ke nan?"

"In an yanke hatsi, tabkuna ba su ƙahe ba. Ka shirya, mu tahi tare da ayarina."

Ɗangoggo ya koma gida da wannan labari, yana ganin saura ƴan makonni su kama hanya. Sai Mata ta kawo nata sharaɗin. Ta ce ba za ta je ƙasar iyayenta ta kwana gindin itace kamar baƙuwa ba, kuma ba za ta raɓa a ɗakin kowa ba. A can mace da ɗakinta take yawo. Nata an ƙone shi ranar da aka kore su, don haka sai ta yi wani.

Ɗakin da take nufi na tabarmi ne, irin wanda ake kafawa a kan tanƙwararrun itatuwa, a kwance shi a ɗaure bisa dabba in za a tashi. Ta sa aka yi ta kawo mata kaba. Ta zauna saƙa tun safe har la'asar, tabarmi dogaye masu kauri waɗanda ba ta taɓa saƙa irinsu don sayarwa ba. Ta aiki Ɗangoggo daji ya tono mata saiwoyin itacen ƙaya dogaye, ta nuna masa yadda ake gasa su a tanƙwara su a bar su su bushe. Na farkon da ya kawo ta ce sun yi gajarta. Na biyu suka tsage. Kaka ta zo, Rhissa ya biyo da ayarinsa, ya tarar ɗaki bai kai rabi ba. Ya sha ruwa ya wuce.

Shekara ta biyu Ɗangoggo ya sa kansa aikin abin hawa. Ya lura gwiwoyin tsohuwa sun yi nauyi, ya tabbata ba za ta iya zaman sirdin raƙumi ba. Sai ya ƙera mata wani mazauni na itace da fata, ya cusa masa audugar rimi, ya yi masa majingina da abin riƙewa. Ya ɓata makonni a kansa, yana ɓoye shi a rumfa don ya ba ta mamaki.

Da ɗaki ya kammala, ya ce sai an gwada komai kafin a tafi. Ya ari raƙumi wurin Rhissa, shi ma ya biyo su, suka ɗaure kaya kamar masu tafiyar gaske, suka fita bayan gari wajen kwarin Tarka. Maƙwabta suka fito suna yi masu Allah kiyaye hanya, Dela tana ce masu, "Ku bar wahalar da bakinku, gobe za ku gan su." A can suka kafa ɗaki, kuma a can abubuwa suka fara bayyana. Igiyoyin ɗaurin ba su isa ba. Sababbin salkunan da ya ɗinka musamman don tafiyar sun sa wa ruwa ɗacin bagaruwa, sai an yi ta jiƙa su ana zubarwa. Tukunyar ƙasa da Dela ta ba su ta fashe tun kafin su sauka.

Sa'an nan aka zo hawa. Rhissa ya gurfanar da raƙumi, aka ɗora mazaunin, aka tallafi tsohuwa ta zauna. Raƙumi ya ɗaga ƙafafun baya, ta zame gaba, ya ɗaga na gaba, ta sulluɓo gefe ta faɗi kan rairayi. Ba ta ji ciwo ba. Ta tashi zaune tana kakkaɓe zane, ta dubi Ɗangoggo.

"Wa ya ce maka raƙumi zan hau?"

"Goggo, ai na ɗauka mutanen can…"

"Ni tun da uwata ta haihe ni ban taɓa hawan wannan abu ba. Mu jakai muke hawa. Da ka tambaye ni da na hwaɗa maka."

Rhissa ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ɗangoggo ya kwance mazaunin. Daga baya wani Balaraben fatake ya saye shi don matarsa. Shi kuma ya yi musaya da wani Bafillace, ya ba shi guga da taiki, ya karɓi wata farar jaka mai sanyin hali.

A wannan shekarar ma ba su tafi ba. Dela tana da tsohon ciki, haihuwar kuma ta zo da wuya daidai lokacin yankan hatsi. Mata da kanta ta ce ba inda za ta. Ita ta tsaya kan wankan jego, ita ta yi ta dama kunun kanwa, ita ta riƙe jaririyar da aka raɗa wa suna Ma'u. Ɗakin tabarmi aka naɗe shi aka rataye a zaure. A kasuwa kuwa zance ya zama abin ba'a. In wani ya daɗe yana shirin abu bai yi ba, sai a tambaye shi ko tare da Ɗangoggo za su tashi.

A kaka ta uku komai ya daidaita. Ɗangoggo ya tafi bariki neman lasefase, takardar da sai da ita ake ƙetare ƙasar wani kwamanda zuwa ta wani. Tafinta ya tambaye shi mi za ya kai Agadas ya sayar. Ya ce babu. Mi za ya sayo? Ya ce babu.

"To mi za ya kai ka?"

"Goggota ke son ta ga wani wuri."

"Kuna da dangi can?"

"Allah masani."

Tafinta ya juya ya yi wa Nasaran da ke zaune wurin bayani da Faransanci, Nasara ya ɗaga kafaɗa ya buga hatimi. An rubuta masu ziyarar dangi.

Dela, wadda ta fi kowa kushe tafiyar, ita ta fi kowa wahala a kan guzuri. Ta daka hatsi ta cika taiki da gari. Ta haɗa garin tukuɗi da cuku da dabino, wanda ruwa kawai za a zuba a sha. Ta soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulla kuka da daddawa da barkono kowane a tsummansa. Ta samo ƙaramar tukunyar ƙarfe a madadin wadda ta fashe. Ɗangoggo ya ɗinka wa kansa da goggonsa takalma masu kaurin tafi saboda duwatsu, ya samo barguna wurin wani tsohon soja, ya sayi shayi da sukari da taba don gaisuwar mutanen da za su tarar. Ranar tashi Dela ta raka su har bayan gari da Ma'u a baya. Ta ce wa mijinta, "Malam, ka kula da ita. Ka maido mini ita yadda ka ɗauke ta."

Suka bi ayarin Rhissa. Suka ƙetare Tarka, suka shiga filayen ciyawa inda ba gona ba gari, sai rugagen makiyaya da rijiyoyi masu zurfin da sai dabba ke jan gugansu. Mata tana bisa jakarta a tsakiyar ayari, ba ta ƙorafi. Abu ɗaya ne ya haɗa ta da mazan: duk inda aka yi zango sai ta kafa ɗakinta, ko da kuwa da asuba za a tashi. Mutanen Rhissa suka yi ta gunaguni cewa tana ɓata masu lokaci. Ba ta daina ba, sai dai hannunta ya yi ta ƙara sauri, har ya zamana kafin su gama sauke raƙuma ita ta gama ɗaure tabarmarta ta ƙarshe.

A Agadas Rhissa ya sauke hatsinsa, ya bar mutanensa, su uku suka ci gaba da raƙuma biyu da jaka. Daga nan ƙasa ta sauya. Duwatsu baƙaƙe suka taso gabas da yamma, hanya ta koma tsakuwa. Rhissa ya hana su sauka cikin rairayin ƙorama komai laushinsa, sai a kan tudu. Sanyin safiya ya fara cizo. Mata kuwa ta fara kiran sunayen itatuwa da na duwatsu da Buzanci, tana magana da Rhissa fiye da yadda take yi da ɗanta. Ɗangoggo yana tsintar kalma ɗaya ɗaya, sauran su wuce shi.

Da hantsi suka isa bakin Tezarat. Daga waje ba ka cewa akwai hanya, tsaga ce kawai a jikin dutse. Da suka shiga, bangon dutse ya tashi dama da hauni, ja a sama, baƙi a ƙasa, tsayinsa ya fi duk abin da Ɗangoggo ya taɓa gani. Sama ta koma siririya kamar zaren shuɗi. Sawun raƙuma yana amsawa daga bango zuwa bango. Suka yi ta lanƙwasa har wurin ya buɗe kaɗan, sai ga goriba da dabino, ga ƴan lambuna, ga wani tafki a gindin dutse mai ruwa kore wanda rana ba ta sauka a kansa sai da tsakar rana.

Mata ta sauka daga jaka. Ba ta yi kuka ba. Ta tafi bakin ruwa ta wanke fuska, ta sha, ta tsaya tana dube-dube. Sannan ta nuna wani tudu ta ce a kai kaya can.

Mutanen wurin ƴan gidaje ne, masu lambu da awaki, yawancinsu waɗanda suka dawo bayan an yi sulhu. Suka karɓi baƙi da mutunci, amma ba wanda ya gane ta. Ta faɗi sunan ubanta, matasa suka dubi juna. Sai aka kai ta wurin wata tsohuwa mai ido ɗaya ana kiranta Tekna. Suka zauna suna kallon juna, kowace tana jero sunayen matattu, har suka zo kan wani dutsen niƙa da iyayensu mata suka taɓa yin faɗa a kansa. Nan Tekna ta dafa gwiwar Mata ta yi dariya, ta ce dutsen na uwarta ne. Mata ta ce ƙarya ne, na tata uwar ne. Daga ranar ba su rabu ba.

Ɗangoggo ya tambayi labarin ubansa ta bakin Rhissa. Wani dattijo ya ce ya ji an ce ya mutu a Agadas. Wani ya ce a'a, an gan shi a hanyar Bilma. Ɗangoggo bai ƙara tambaya ba. Goggonsa ta kai shi wani fili mai tsakuwa ta ce nan ɗakin uwarsa yake, nan aka haife shi. Ya tsaya ya yi addu'a ya shafa. Ya jira ya ji wani abu ya motsa a ransa, bai ji komai ba sai sanyin da ke hawowa ta tafin ƙafarsa. Wurin yana da kyau, ya yarda da wannan. Amma shi mutumin fili ne. A nan rana ba ta fitowa sai ta makara, ta kuma ɓace tun la'asar, kuma duk inda ya juya dutse ne a gabansa. Don ya rage zaman banza sai ya shiga gyara wa masu lambu manyan gugunansu na fata da shanu ke ja. Aikinsa ya burge su, suka yi ta kawo masa dabino.

Da lokacin komawa ya yi, Rhissa ya ce a fara ɗaure kaya. Ɗangoggo ya je ya tarar da goggonsa zaune ƙofar ɗakinta tana fiffita wuta.

"Goggo, gobe za mu tashi."

"Ku tashi lahiya. Ni ina nan."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya durƙusa. "Cewa kika yi ki gani da idonki."

"Na gani. Yanzu zama nake so."

"Wa za ya kula da ke?"

"Wa ya kula da ni sa'ad da na goya ka daga nan har Mai Yara? Ga Tekna, ga jikokinta. Ka bar mini jaka da bargo."

"Mi zan ce ma Dela? Mi zan ce ma mutane?"

"Ka ce masu abin da ya faru."

Ya sake gwadawa da safe, ya sa Rhissa ma ya yi mata magana. Ta saurare su har suka gama, ta sa masu albarka. Ya bar mata jaka, da barguna duka, da ragowar gari, da salka mafi kyau. Ya bi bayan raƙuma ya fita ta tsagar da suka shigo.

Dakoro ba ta karɓe shi da daɗi ba. Dela ta hango shi shi kaɗai, ta ɗora hannu a ka, ta ɗauka rasuwa aka yi. Da ta ji gaskiyar magana sai kukan ya koma faɗa.

"Ka ɗauki tsohuwa ka kai ta cikin duwatsu ka yar? Matar da ta goya ka? Da ka ɗaure ta bisa jakar ka taho da ita!"

Ya ce, "Ba kaya ba ce."

Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana sai ta dole. A gari ma aka yi ta faɗi. Wasu suka ce dama nauyi ya gaji da shi. Wasu suka ce ta mutu a hanya ne yana ɓoyewa. Ya kai maganar gaban liman, liman ya ce tun da ita ta zaɓa kuma tana cikin hankalinta, ba laifi a kansa, sai dai kada ya yanke mata aike. Bai yanke ba. Da kaka ta zagayo ya ba Rhissa taikin hatsi da zane, Dela kuma, duk da fushinta, ta cusa daddawa da kuka a ciki. Rhissa ya dawo ya ce tana lafiya, ta rame kaɗan, ta ce daddawar ta yi kaɗan.

Damina biyu ta yi a can. Wata ranar kasuwa, Ɗangoggo yana sunkuye yana huda fata, sai inuwa ta rufe masa haske. Ya ɗaga kai. Mata ce tsaye riƙe da igiyar farar jaka, ga ɗan jaki yana bin su. Ta biyo wani ayari ne na mutanen da bai sani ba. Ta zauna kan buzun baƙi ta miƙe ƙafafu.

"A ba ni ruwa," in ji ta.

Ya ba ta. Ta sha ta ajiye ƙwarya. Ya gaishe ta da hanya, ta amsa. Sai da aka jima ya ce, "Goggo, lahiya dai?"

"Lahiya. Tekna ta rasu da ɗarin bara. Sauran yara ne, suna da kirki, amma ba wanda ya san abin da na sani. Sanyin kuma ya shiga ƙashina." Ta dubi kasuwa. "Ma'u ta fara magana?"

"Ta fara. Har ta fi uwarta."

Ɗakin tabarmin ta bar wa wata jikar Tekna da za a yi wa aure. Ba ta dawo da komai ba sai farar jakar da ɗan jakin, da ƙaramin taiki cike da dabino. Dela da ta gan ta a ƙofar gida ta rungume ta tana kuka tana yi mata faɗa a lokaci guda. Waɗanda suka ce ta mutu suka zo gaisuwa tare da kowa.

Ta ƙara wasu shekaru a Dakoro tana saƙar tabarmar sayarwa kamar da. In aka tambaye ta Tezarat takan ba da labari yanzu, ba ɓoyo, amma ba ta sake cewa a kai ta ba. Ta rasu da bazara, aka binne ta a maƙabartar gari.

Ɗangoggo bai sake zuwa arewa ba. Rhissa ya sha yi masa tayi, yana cewa sai wata shekara. Masu niyyar tafiya Agadas sukan tsaya rumfarsa su tambayi hanya, ya gaya masu abin da ya sani, ya ce sauran su tambayi masu raƙuma. Wajen ƙarshen zamanin Nasara motoci suka yawaita, aka fara kawo tsofaffin robobin cikin taya kasuwa, makiyaya suka gano gugan roba ya fi na fata jure rijiya. Cinikin guga ya ja baya. Ɗangoggo ya sayo roba ɗaya ya juya ta, ya shinshina, ya yanka, ya gwada ɗinki. Na farko ya yi yoyo. Kafin damina ya iya, ya rataye su a gaban rumfa kusa da na fata, duk wanda ya zo ya zaɓi wanda yake so. A gidansa dai da na fata ake jan ruwa, don ya ce na roba yana sa wa ruwa wari.